Matalautan Lyon da Kwalin Bayan Buhunan Gyaɗa

Greensboro, 12 ga Oktoba, 2008

Zuwa ga Yayana Alassane,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin sauƙi da rangwame, kai da Aïchatou da yaranku duka. Ina yi muku barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana da rai da lafiya. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, don rabon da wata kalma mai daɗi ta fito daga bakina zuwa gare ka shekara goma sha shida ke nan. Ni ce dai Kouloussoum, autarku. In ka ga dama ka ajiye takardar daga nan, ba zan ga laifinka ba. Amma ina roƙonka, don zumunci, ka daure ka kai ƙarshenta.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Maigidana Ousseini yana gaishe ka, ko da yake ba ku taɓa zama wuri ɗaya ba. Kamfanin kujerun da yake yi wa aiki ya rufe bara, yanzu yana tuƙa motar kai kaya, aikin da wuya amma ana ci ana sha. Mounira ta shekara goma sha biyu, ta kusa kamo ni tsawo, kuma duk wanda ya san Inna in ya gan ta sai ya yi maganar goshinta. Ƙanenta mai sunan Baba, da muke kira Abba, ya shiga lakwal, wato makarantar boko, bana. Ina yi musu Hausa suna ba ni amsa da Turanci, na yi faɗa har na gaji. Muna haya a wata unguwa da ake kira Glenwood, gidan katako ƙarami, maƙwabtanmu yawancinsu ɗaliban jami'a ne, yau a ga wannan gobe a ga wani. Mun yi Sallah da 'yan gida, mun taru fiye da yadda kake tsammani, har da masu sayar da kilishi. Sanyi ya fara shigowa, ganyen itatuwa ya fara ja.

Younoussa ɗan Kawu, wanda ka san yana nan garin tare da mu, ya dawo daga gida makon jiya. Shi ya gaya mini ya biya ta Kwanni ya same ka a rumfarka ta gyaran rediyo, ya kuma gaya mini ciwon suga ya kama ka har an cire maka yatsu biyu na ƙafa. Yana ba da labarin a falonmu yana shan shayi, ni kuwa na tashi na shiga kicin na tsaya gaban murhu ba na dafa komai. Allah ya ba ka lafiya, Yaya, ya sa kaffara ce. Tun ranar nake juya yadda zan fara wannan takarda. Na rubuta sau uku ina yagawa. Daga baya na ga ba zan iya shiga maganar kai tsaye ba, sai na bi ta hanyar da ita kanta maganar ta biyo ta same ni, wato ta bakin wata tsohuwa Kirista da na yi jinya.

Aikina a nan kula da tsofaffi ne a gidajensu: wanka, abinci, magani, canjin shimfiɗa. A damina ta 2005 ofishinmu suka kira ni suka ce akwai wata tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai da ta fara daina Turanci, sai wani yare take yi da Faransanci, ma'aikata uku sun je sun kasa da ita. Da yake na yi lakwal a gida ina jin Faransanci, aka tura ni. Gidan yana Irving Park, unguwar masu hali, inda bas ba ya shiga ciki. Sai in ɗauki bas daga unguwarmu zuwa babbar tasha ta cikin gari, in canja wani, in sauka in ƙarasa da ƙafa. Sunanta Madam Léontine, tana zaune a gidan ɗanta Mista Paul, likitan haƙori da ya yi ritaya. Ranar farko na same ta ta juya wa ƙofa baya ta ƙi cin abinci. Da na gaishe ta da Faransanci ta waiwayo a hankali, ta dube ni daga lulluɓina har takalmina, ta tambaye ni daga wane kwari nake. Na ce mata garinmu ba kwari, sai yashi da gulbi mai ƙafewa. Ta yi dariya ta ce to in zauna, ta ci abincin.

A nan Amirka aka haife ta, a wani ƙaramin gari mai suna Valdese, tafiyar awa biyu daga nan ta yamma. Iyayenta suna yara aka kawo su daga kwarurukan duwatsun da ke tsakanin Italiya da Faransa, a 1893 da shekarun da suka biyo. Faransanci shi ne yaren cocinsu, ɗayan yaren kuma na gida ne. Da tsufa ya fara kwashe mata abubuwa, sai ya fara da na baya-bayan nan, ya bar mata na yarinta. Ba ta tuna ko ta sha maganin safe, amma tarihin mutanenta na shekara ɗari takwas yana bakinta tiryan-tiryan, don haka aka koya musu shi suna yara, kamar yadda aka koya mana sunayen kakanni. Kullum in ina taje mata kai sai ta ɗauko shi. Da farko ina ji ne kawai don ta zauna shiru in gama aikina.

Ta ce asalinsu wani attajiri ne a birnin Lyon na Faransa, wajen shekara ta 1170 da 'yan kai, ana ce masa Valdo. A lokacin littafinsu da Latinanci yake, yaren da talaka ba ya ji, sai abin da limaman coci suka gaya masa. Wannan attajiri ya biya wasu masu ilimi suka juya masa Linjila zuwa yaren kasuwar garin. Da ya ji abin da ke ciki da kunnensa, sai ya kasa zama. Ya ware wa matarsa rabonta, ya raba sauran dukiyar ga matalauta, ya fita titi yana faɗa wa mutane abin da ya karanta. Mutane suka bi shi, masaƙa da dukawa da mata, suna tafiya biyu-biyu da tufafi marasa ado, aka riƙa kiransu Matalautan Lyon. Ta ce ba su fito don su bar coci ba. Har Roma suka je neman izini, aka yaba musu talaucinsu, aka yi wa ƙarancin karatunsu dariya, aka ce kada su yi wa'azi sai limaman garinsu sun yarda. Limaman kuwa ba su yarda ba. Su kuma suka ce biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutum, suka ci gaba. Aka kore su daga Lyon, a 1184 aka fitar da su daga coci gaba ɗaya.

Daga nan, in ji ta, sai farauta. Aka kafa masu bincike suna bi gari-gari suna tambayar mutane abin da suka yi imani da shi. Wanda ya tuba a ɗora masa alama a riga, wanda ya ƙi a ƙone shi da ransa a bainar jama'a. Waɗanda suka tsira suka koma ɓoye. Malamansu ba sa amsa sunan malam, barba ake ce musu, wato kawu, don ko yaro ya yi suɓul da baka a waje a ɗauka ɗan'uwa ne ya zo. Suna yawo kamar 'yan koli da allura da zare da tsumma, littafin kuwa a ka yake, sun haddace. In sun sauka a gida sai a rufe ƙofa, a yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, kuma da wannan ake kama su, don da an ce su rantse sai su yi shiru. Da zaman ƙasa ya gagara suka taru a cikin duwatsu, can ma aka bi su da runduna. Ta ba ni labarin kogon da mutane suka ɓuya aka hura wuta a bakinsa hayaƙi ya kashe su. Ta ba ni na shekarar 1655, da aka sa su saukar da sojoji a gidajensu suna ciyar da su, ranar da aka shirya sojojin suka tashi suka karkashe masu masaukinsu, har jarirai. Sai a 1848 aka ba su 'yanci irin na kowa. In ta zo nan takan ce in ci gaba da tajewa.

Duk wannan ina jinsa ina tausayi, irin tausayin da ake yi wa mutanen nesa. Ranar da abin ya shigo gida ita ce ranar da ta ce mini wani abin da ya fi jawo musu ƙiyayyar maƙwabta shi ne sun ƙi sadaka da addu'o'in da ake shirya wa matattu, sun ce babu su a littafi, kuma ba sa amfanar mamaci da komai. Matajin yana hannuna na tsaya. Ban san lokacin da na ce mata to ai sun ɓata wa mutane rai ba, ta duba mace da uwarta ta mutu, ɗan'uwanta ya ce ba zai zauna a yi mata addu'a ba. Na faɗi haka da zafi, har ta juyo tana kallona. Ta ce ba ta taɓa tunanin wannan matar ba, a labarin da aka koya musu babu ita. Sannan ta ce Paul ya karanta takardun shari'o'in nan na dā, kuma abin da ya fi damunsa shi ne masu binciken ba su cika gano kowa da kansu ba. Sunayen daga bakin 'yan'uwa suke fitowa, ƙanwa da suruki da maƙwabci, wasu don tsoro, wasu don fushi, wasu kuma da gaske suna ganin ceton mutum suke yi. Ta tambaye ni ko ina da 'yan'uwa maza. Na ce mata ɗaya ne, Salifou. Yaya, haka na ce.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna daminar 1992 da Inna ta rasu. Wata huɗu ina jinyarta, ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ina da shekara goma sha bakwai. Ranar sadakar arba'in mun tashi mun soya waina, malamai sun cika zaure, almajiran Baba na ɗariƙa sun zo har daga ƙauyuka. Kai kuwa ka ɗauki kekenka tun da hantsi, ba ka dawo ba sai bayan la'asar. Da Gwaggo Tchima ta yi maka magana ka ce wannan taro ba shi da asali, kai kana yi wa Inna addu'a a sujadarka. Na ji ka daga bakin murhu. A kunnena abin da ka ce shi ne Inna ba ta kai a zauna dominta ba. Washegari Baba ya shiga ɗakin ajiya, ya ɗaga buhunan gyaɗa ya fito da kwalin kaset ɗinka na wa'azin sababbin malaman nan, waɗanda kai da abokanka kuke saurare kun rage murya. Na san har yau kana zaton Yaya Salifou ne ya nuna masa, kuma na san abin da ya sa ba ka taka rumfarsa ba tun daga ranar ke nan. Ba shi ba ne. Bai ma san da kwalin ba. Ni ce na je na durƙusa gaban Baba bayan ya idar da wuridi, ba tare da ya tambaye ni komai ba, na gaya masa inda yake, na kuma ƙara da cewa na ji ana kiran masu ɗariƙa da mummunan suna a ciki. Wannan na ƙarshe ban ji shi daga bakinka ba ko sau ɗaya, amma na faɗe shi yadda zai ɗauka kai ne.

Sauran ka gani da idonka. Baba ya zuba kaset ɗin a turmi ya ce in daka, na daka ina kuka, kai kana tsaye kana kallona da tausayi, kana zaton tilasta mini aka yi. Har ka ce wa Baba ya ƙyale yarinya, ba ruwanta. Shi kuma ya ce ɗan da ke ganin ubansa ɓatacce ba zai kwana ƙarƙashin rufinsa ba. Ka ɗauki jakar kayan gyaranka ka fita. Na ɗauka kwana biyu za ka yi gidan abokai a sasanta. Da na ga wata ya wuce, shekara ta wuce, sai tsoro ya kama ni, kuma na gano in na ci gaba da fushi da kai ba sai na dubi abin da na yi ba. Shi ya sa a 1998, da Baba ya rasu ka iso daga Kwanni bayan an dawo daga maƙabarta, ka zauna can gefen zaure ba wanda ya matsa maka a tabarma, na fito da kwanon fura na ba kowa na tsallake ka. Ka kira ni a hankali, ka ce «Auta.» Na ji ka sarai. Ban waiwaya ba. Da shekara ta zagayo na biyo Ousseini nan, na ce a raina teku ta raba.

A watan Afrilu na 2006 Mista Paul ya ce zai kai mahaifiyarsa Valdese ta ga garin, wataƙila na ƙarshe, ya roƙe ni in bi su. Na yi shawara da Ousseini ya ce aiki ne, in je. Garin ƙarami ne a gindin tsaunuka, da gine-ginen dutse. Ta nuna mini gonar kakanta, ta ce da suka zo sun tarar ƙasar da aka sayar musu duwatsu ne, suka yi ta haƙa suna gina gidaje da su, daga baya suka koma saƙar safa da gashin burodi. A gefen garin jikokin sun gina kwatankwacin wuraren can ƙasarsu don yara su gani, har da ɗakin dutse inda kawunnan nan ke haddar littafi, da kogon da ake taruwa ibada a ɓoye. Bakin kogon ƙasa-ƙasa ne, keken guragu ba ya shiga. Paul gwiwa ta hana shi sunkuyawa. Sai ta kama hannuna ta ce in shiga a madadinta in fito in gaya mata. Na ce a raina ba ibada zan yi ba, dutse ne da siminti. Na tattare zanena na sunkuya na shiga.

Ba komai a ciki, Yaya, sai duhu da sanyi da ɗan haske ta wata kafa a sama. Amma da idona ya saba sai ƙamshin wurin ya zo mini kamar na ɗakin ajiyarmu da damina, na gan ku ku huɗu a tsugune kun kewaye rediyo, kai kana riƙe da maɓallin murya, kunnenka ɗaya yana wajen ƙofa. A dā in na tuna wannan, masu taurin kai nake gani. Ranar sai na ga samari ne masu tsoro, kuma wadda kuke tsoro, wato ni, tana bayan ƙofa da tsintsiya tana yi kamar shara take. Na daɗe ban fito ba har Paul ya leƙo yana kira. Da na fito na durƙusa gaban kekenta na ce mata na yi mata ƙarya, 'yan'uwana maza biyu ne. Na gaya mata komai da Faransancina na lakwal, ina haɗawa da Hausa ban sani ba. Ban san ko rabin ta fahimta ba. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi laifi ba. Ta ce su ma da suka sami sarari ba su fi kowa taushi ba, ubanta ya ƙi halartar auren yayarta don ta auri ɗan Katolika, ita ma ta bi umarni ba ta je ba, yayar ta mutu a wata jiha ba su sake haɗuwa ba. Sannan ta tambaye ni ko kana da rai. Na ce kana da rai. Ta ce: «To me kike yi a nan kina gaya wa tsohuwar da za ta manta kafin mu kai gida?»

Ta kuwa manta kafin mu kai gida. Ni ce ban manta ba, kuma duk da haka ban rubuta ba. A motar na yi alkawari a raina zan nemi adireshinka a makon. Makon ya zo da aiki, na ce bayan Sallah, bayan Sallah na ce sai na je gida mu yi magana baki da baki. Ta rasu a watan Nuwamba na shekarar, ina riƙe da hannunta da la'asar, tana kirana da sunan yayarta. Na yi mata kuka fiye da yadda na zata. Shekara biyu kuma suka sake wucewa. Hausawa sun ce gobe ta Allah ce, ni sai na mai da ita wurin ɓuya. Ba aiki ne ya hana ni ba. Muddin ban faɗa ba, a idonka ni ce yarinyar da aka tilasta wa daka, kuma na fi son wannan yarinyar da wadda nake.

Kada ka ɗauka na canja ra'ayi a kan abin da ya raba ku da Baba. Har yanzu duk shekara ina dafa abinci in kai masallaci da sunan Inna da Baba, kuma ina jin sanyi a raina in na yi. Ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninku ba, malamai ma ba su gama ba balle ni. Kuma ba ina kwatanta ka da waɗancan mutane ba ne ta fuskar addini, hanyarsu daban tamu daban, ba kuma wanda ya ƙone ka. Amma an raba ka da gidan ubanka kana da shekara ashirin da uku, ka yi aure ba ɗan'uwa ko ɗaya a bayanka, Baba ya tafi ba ku yafi juna ba, ka kuma riƙe Yaya Salifou a zuciya shekara goma sha shida kan abin da bai yi ba. Duk wannan ta bakina ya biyo. Abin ban takaici kuma, Younoussa ya ce yanzu rabin samarin unguwarmu ta Mokoyo a Maraɗi masallacin da ka fara zuwa suke zuwa, har 'ya'yan Yaya Salifou, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Abin da aka kore ka a kansa ya zama ruwan sha.

Jiya na kira Yaya Salifou na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce ya daɗe yana zargin haka, amma ya ga gara ka ƙi shi, shi namiji, da ka ƙi autar Inna. Ya ce in gaya maka ɗakinka na kusa da bishiyar dalbejiya yana nan, buhuna ne kawai a ciki, kuma asibitin Maraɗi ya fi kusa da gida in ana maganar ƙafa. Bai ce ka dawo ba, ka san halinsa, amma abin da yake nufi ke nan. In za ka yi fushi, yi da ni, ni na saya. Shi dai ka sake shi.

Younoussa ya ce idonka ma ya fara rauni, babbar 'yarka ce ke karanta maka takardu, ya kuma ce sunan Inna ka sa mata, kuna kiranta Ummi. Ban san da wannan ba sai makon jiya. Shekara da shekaru ina cewa ba ka damu da Inna ba, ashe kullum da safe tana kawo maka ruwa. To Ummi, in ke ce kike karanta wannan, ki yi haƙuri da abin da gwaggonki ta ɗora wa bakinki. Da na so ki fara sanina ta wata hanya, amma gara ki san ni a haka da ki san wata da ba ni ba. Ki karanta masa duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya don kunya.

Yaya, ka yafe mini. Ba na cewa na cancanta, kuma ba na sa maka lokaci. Na rubuta lambar wayata a bayan takardar nan. Na san kira daga can da tsada, kuma na san akwai maganar da ba ta fita ta waya. Ba sai ka ce komai ba. In zuciyarka ta sauko, ko yau ko baɗi, ka sa Ummi ta yi mini bip kawai, ta bari ta yi ƙara sau ɗaya ta kashe, ni zan kira. Kun riga mu da awa biyar. A wurin aiki an hana mu riƙe waya, amma tawa tana aljihun rigata tun ranar da Younoussa ya dawo, kuma can za ta zauna.

Ka gaishe mini da Aïchatou, ka ce mata na gode da riƙon da ta yi maka lokacin da mu muka saki. Ka gaishe da Ummi da ƙannenta da ban san sunayensu ba, a rubuto mini su. Ousseini yana gaisuwa da jiki, Younoussa ma haka. Mounira da Abba suna gaishe da kawunsu, sai shekaranjiya suka san suna da kai, Abba yana ta tambaya ko za ka iya gyara masa motar wasansa. In Gwaggo Tchima ta zo duba ka, ka ce ina gaishe ta, ita ma zan gaya mata gaskiyar nan da bakina. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan Inna da Baba, ya haɗa fuskokinmu da alheri kafin ƙasa ta rufe ido.

Wassalam. Ƙanwarka mai neman afuwa,

Kouloussoum